Daji Mai Madugu: Yadda Ake Shiga Ayarin Masu Tattaki a Dazuzzukan Ingila

Idan Bahaushe ya ji an ce daji, abin da ke fara zuwa masa a rai aiki ne ko haɗari. Daji wurin itace ne da kiwo da farauta, a 'yan shekarun nan kuma sunaye irin su Rugu da Kamuku sun ƙara wa kalmar wani nauyi mai ɗaci. Babu mai shiga daji haka siddan, wanda kuma ya fita yawo ba saye, ba sayarwa, ba gaisuwar kowa, sai a ce gantali yake yi. Saboda haka ba abin mamaki ba ne ɗalibinmu da ke Landan, ko ma'aikaciyar jinyarmu da ke Mancesta, su ga takarda manne a bangon asibitin unguwa ko ɗakin karatu ana gayyatar jama'a tattaki cikin daji ranar Talata da ƙarfe goma, su wuce ko waiwaye babu. A ganina wannan wucewa asara ce, kuma asarar ta fi faɗa wa wanda ya fi bukata: mai hawan jini, mai ciwon suga, dattijuwar da aka ɗauko daga gida don renon jikoki ta wayi gari ba ta da abokin hira sai talabijin, da matashin da hunturu ya kulle a ɗaki. Shawarar da nake son karewa guda ce. Kada ka fara kai kaɗai, kada kuma ka fara da tafiya mai wuya. Ka nemi ayarin unguwarku, ka zaɓi tattakinsu mafi sauƙi, ka riƙa komawa, domin amfanin duka yana cikin komawar, ayarin kuma shi ne ke sa a koma.

Sai mu fara da sanin irin dajin da ake magana. Ɗauki dajin Epping, wanda ya miƙe kimanin mil 12 daga gabashin Landan zuwa cikin gundumar Essex, faɗinsa kusan hekta 2,400. Jirgin ƙasa na cikin birni yana ajiye mutum a Loughton ko Theydon Bois ko Chingford, daga tasha kuma 'yan mintuna ne a ƙafa sai ga ka ƙarƙashin itatuwa. Dokar da majalisa ta yi a 1878 ce ta hana masu ƙasa killace shi, ta damƙa kula da shi ga hukumar tsohon birnin Landan, a 1882 kuma Sarauniya Biktoriya ta je da kanta ta buɗe shi ga jama'a. Akwai dubban tsofaffin itatuwa a ciki masu wata siffa da idon ɗan Arewa zai gane nan take: gangar jiki kakkaura, a samanta rassa sun fito cunkus kamar yatsun hannu. Talakawan wurin ne suka yi ɗaruruwan shekaru suna sare rassan daga sama don itacen girki, a tsayin da dabba ba za ta kai ga sabon toho ba, kamar dai yadda makiyayi ke sassabe kan gawo da rani. Babu zaki, babu kura, kyarkecin ƙasar ya ƙare tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Maciji mai dafi iri ɗaya ne a duk Birtaniya, wani ɗan ƙarami dangin kububuwa, shi ma gudun mutum yake yi. Abin da za ka tarar barewa ne da tsuntsaye da wasu shanu masu dogayen ƙahoni da ke kiwo a hankali, sai taɓo, wanda shi kam ba a rasa shi.

Tambaya ta biyu da baƙo kan yi wa kansa ita ce ko yana da izinin shiga. Yana da shi, kuma ba kyauta aka ba mutanen ƙasar ba, ƙwatarsa suka yi. Ranar 24 ga Afrilu 1932 ɗaruruwan matasa ma'aikata, akasarinsu daga Mancesta, ƙarƙashin jagorancin Benny Rothman, suka hau tudun Kinder Scout da gangan, wurin da masu ƙasa suka keɓe don harbin tsuntsaye. An ɗaure biyar daga cikinsu. A 1935 aka kafa ƙungiyar masu tattaki ta ƙasa, wadda yau ake kira Ramblers, dokokin 1949 da 2000 kuma suka faɗaɗa haƙƙin talaka na taka ƙasar karkara. Yau a Ingila da Wales akwai hanyoyin ƙafa na jama'a da tsawonsu ya kai kusan mil 140,000, wasu ma ta tsakiyar gonar mutum suke ratsawa, kuma doka ba ta tambayi asalinka ko launin fatarka ba. Alamarsu kibiya ce a jikin turke: rawaya ta masu ƙafa ce kawai, shuɗiya kuma har da masu doki da keke. Ban da waɗannan, ƙungiyar Woodland Trust, wadda aka kafa a 1972, tana da dazuzzuka sama da 1,000 da ake shiga ba ko sisi.

To me ya sa sai da ayari, tun da hanya a buɗe take? Wani likitan unguwa ne mai suna William Bird, a ƙauyen Sonning Common da ke gundumar Oxford, ya fara amsa wannan a aikace. Ya lura cewa gaya wa majinyaci ya riƙa motsa jiki ba ya sa shi motsawa, sai a 1996 ya shirya gajerun tattaki masu jagora daga cikin 'yan garin. Abin ya bazu ya zama shiri na ƙasa, wanda yanzu Ramblers ke gudanarwa da sunan Wellbeing Walks. A 2015 wasu masu bincike biyu na Jami'ar East Anglia, Sarah Hanson da Andy Jones, suka tattara nazarce-nazarce 42 da suka shafi mutum 1,843 masu tattaki cikin rukuni. Sun sami raguwar hawan jini da kimanin maki 3 zuwa 4, da raguwar bugun zuciya a lokacin hutu, da kitsen jiki, da alamomin ciwon damuwa. Maki uku ko huɗu ba mu'ujiza ba ce, kuma ba ta maye gurbin ƙwayar da likita ya rubuta. Adadin da ya fi ɗaukar hankalina a binciken wani ne daban: kusan kashi 75 cikin ɗari na halartar da ake sa rai ta tabbata, wato mutane sun ci gaba da zuwa. Duk wanda ya san yadda niyyar motsa jiki ke mutuwa a mako na uku ya san girman wannan. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne ga mutanen da suka ce zumunta a ƙafa take. Alkawarin da ka yi wa kanka ruwan sama kaɗan ke wanke shi. Amma idan ka san akwai mutum goma sha biyu tsaye a bakin tasha, ɗaya daga cikinsu kuma zai ce makon jiya ba a gan ka ba, lafiya dai, sai ka ɗaura takalmi.

Neman ayarin ba shi da wuya. A shafin intanet na Ramblers akwai wurin da za ka sa lambar unguwarku ya jero maka tattakin da ke kusa, da rana da lokaci da wurin haɗuwa. Ma'aikatan asibitin unguwa, da ɗakin karatu, da ofishin ƙaramar hukuma su ma sukan san na yankinsu. Inda ake yin kuskure shi ne wajen zaɓi. Tattakin Wellbeing Walks kyauta ne, ba sai kai ɗan ƙungiya ba ne, ba ya wuce minti 90, wasu ma minti 10 zuwa 30 ne kawai, kuma da shi ya kamata wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara. Sauran tafiye-tafiyen Ramblers an kasa su mataki shida. Na farko hanya ce shimfiɗaɗɗiya da keken guragu da keken jarirai za su bi, irin wadda ta kewaye tafkin Connaught kusa da Chingford. Na biyu na duk wanda ba shi da matsalar ƙafa ne, takalmin wasanni ya isa. Na uku ya shiga hanyoyin da ba a daɓe ba, yana son ɗan sabo da takalmi mai ƙarfi. Ukun da suka rage ka bar su tukuna. Namiji mai jin ƙarfi yakan raina biyun farko ya faɗa na huɗu, ya sha mil takwas cikin laka da hawa da gangara, ya dawo da bororo a dunduniya, daga nan an rabu ke nan. Ka zaɓi wanda ya yi maka sauƙi fiye da kima, ka gama da sauran ƙarfi a jiki, sha'awar dawowa daga nan take fitowa. Kafin ranar, ka aika wa jagoran saƙo, domin matambayi ba ya ɓata: shin akwai matakalar katako da ake hawa a tsallake shinge, abin da ke wahalar da mai ciwon gwiwa da mai doguwar riga, akwai banɗaki a wurin haɗuwa, ana zuwa da karnuka, a inda aka fara za a ƙare ko a wani wurin. Mai ciwon zuciya, ko wanda aka yi wa aiki kwanan nan, ko mai juna biyu da ke da wata matsala, ya fara tambayar likitansa.

Batun kaya ba ya bukatar dogon bayani, kuma kada kantunan kayan hawan dutse su tsorata ka da farashi. Takalmi mai gwaɓin ƙasa wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, safa mai kauri, rigar ruwa mai hula, shi ke nan. Riguna biyu ko uku marasa nauyi sun fi babbar riga ɗaya, domin bayan minti goma jiki zai ɗau zafi ka so cire ɗaya. Wandon jins idan ya jiƙe sai ya yi nauyi ya riƙe sanyi, gara wani yadin. Mai abaya ko dogon hijabi ta sa wando a ciki ta zaɓi wadda ba ta jan ƙasa, saboda taɓo da ƙayar da ke gefen hanya. A jaka a sa gorar ruwa, da 'yan dabino, da waya mai caji, mai asma ya ɗauki abin shaƙarsa, mai suga ya ɗauki abin zaƙi.

Ranar tafiya ka isa da minti goma ko sha biyar kafin lokaci. Za ka gane su daga nesa: gungun mutane a bakin wurin ajiye motoci ko ƙofar tasha, akasari masu furfura a ranakun aiki, wani riƙe da sandar tafiya, wata na zuba shayi daga fulas, mutum ɗaya ko biyu sanye da riga mai ƙyalli da allon rubutu a hannu. Wannan shi ne jagora, ɗan sa-kai ne da aka horar, ba a biyansa. Ka je ka gaishe shi ka ce yau ne zuwanka na farko. Zai rubuta sunanka da lambar wanda za a kira idan wani abu ya faru, idan kuma kana da lalurar da ya kamata ya sani, ka faɗa masa a gefe. Sannan zai tara mutane ya bayyana hanya, ya ƙirga kawuna, ya nuna wanda zai rufe baya. Wanda ya san labarin fataken Gwanja zai ga tsarin bai zama baƙo ba: madugu ya san hanya da zango, ayari kuma ba ya barin nasa a baya. Ƙa'idojin biyu ne. Ba a wuce jagora, kuma ba a sulalewa a tafi gida ba tare da an gaya masa ko mai rufe baya ba, domin idan aka ƙirga aka ga babu mutum ɗaya, tafiyar kowa ce za ta tsaya a shiga nema. A kowace mararraba na gaba sukan jira na baya. Idan ka gaji, ko igiyar takalmi ta kwance, ko numfashi ya yi sama, ka faɗa. Mai rufe baya an ajiye shi ne domin wannan, kuma a ayari mai kyau ba a ɗaukar mai nawa a matsayin kaya.

Nan ne mai suka na farko zai shigo, ya ce wannan ai ba motsa jiki ba ne, rangaɗi ne na tsofaffi. Yana da 'yar gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na bukatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi mai matsakaicin ƙarfi, ma'auninsa kuma shi ne ka iya magana amma ka kasa rera waƙa. Tattakin awa ɗaya a mako bai cika wannan ba, wani lokacin ma saurinsa bai kai ba. Amma sukar ta ɗauka cewa zaɓin yana tsakanin tattaki mai sauƙi da gudu ne, alhali ga yawancin waɗanda nake yi wa magana zaɓin yana tsakanin tattakin da kujera ne. Ribar motsi ta fi yawa a farkon tsani, wurin wanda ya tashi daga babu zuwa kaɗan. Wani babban nazari da aka buga a 2022, wanda ya haɗa bayanan mutum kusan 47,000, ya nuna haɗarin mutuwa yana raguwa yayin da taku ke ƙaruwa har zuwa wajen 6,000 zuwa 8,000 a rana ga wanda ya kai shekara 60, daga nan ribar ta daidaita. Taku 10,000 da ake ta yayatawa daga tallar wata na'urar ƙirga taku ya samo asali a Japan a shekarun 1960. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya riƙe tattaki mai sauƙi wata uku zai ga da kansa ya koma sahun gaba, a lokacin sai ya ƙara rana ta biyu ko ya hau mataki na gaba.

Suka ta biyu ta fi nauyi, ba kuma zan yi mata kwaskwarima ba. Mutum zai ce ni baƙar fata ne, Musulmi, zan je in zama ni kaɗai a cikin Turawa, a wurin da ba a saba ganin irina ba. Wannan tsoro yana da tushe. A Kirsimetin 2021, lokacin da ƙungiyar Muslim Hikers, wadda Haroon Mota ya kafa a 2020, ta hau tudun Mam Tor, hotunan tafiyar sun jawo zagin wariyar launi a intanet. Rhiane Fatinikun ma ta kafa Black Girls Hike a 2019 ne saboda mata baƙaƙe ba sa ganin kansu a karkarar ƙasar. Amma a lura da abin da waɗannan mutane suka yi da tsoron: ayari suka kafa, ba gida suka zauna ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da rukunin unguwa ba ya fara da irin waɗannan, ko ya ja aboki su je su biyu, mace kuma tana iya neman rukunin mata zalla, akwai su. Ni dai ina ganin kada a tsaya nan, domin manyan tafiye-tafiyen irin waɗannan ƙungiyoyi ba kowane mako suke zuwa kusa da kai ba, ayarin unguwa kuwa kowace Talata yana nan, kuma da ɗan gari akan ci gari. Tsohuwar da ke tafiya kusa da kai ita ta san motar hayar da ke zuwa asibiti kai tsaye da makarantar da ta fi dacewa da yaronka. Sauran damuwoyin suna da mafita. Gajerun tattaki akasari da shayi ake rufe su a wani ɗan kanti. Idan mashaya aka nufa, ka yi sallama a bakin ƙofa, babu mai riƙe ka. Tattakin ƙarfe goma yana ƙarewa kafin azahar. A watan Disamba ne ake bukatar lissafi, domin a Landan la'asar na shiga tun kafin ƙarfe biyu, rana kuma ta faɗi kafin ƙarfe huɗu; idan tafiyar ta rana ce, ka fita da alwala da 'yar darduma mai naɗewa, ka gaya wa jagora kana son minti biyar a zango. Wanda ba ya son kare ya kusance shi ya faɗa wa mai karen kai tsaye cikin ladabi, ya kuma san cewa wasu rukunonin ba sa karɓar karnuka sam sai na jagorar makafi.

Wani kuma zai ce, to a yi tattakin a titi mana, me ya kai mu daji? Titi ma ya fi zama. Sai dai akwai shaidar da ke nuna itatuwa na ƙara wani abu. Binciken da aka buga a 2019 kan mutum kusan 20,000 a Ingila ya gano cewa waɗanda ke yin aƙalla minti 120 a mako a cikin tsirrai da sarari sun fi ba da rahoton ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, ko a zama ɗaya suka yi mintunan ko a rarrabe. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, bai tabbatar da sababi ba, tun da mai lafiya ne ya fi iya fita tun farko. Amma ko an ajiye lissafi gefe, dalilan da ido ke gani sun isa. Ƙasar daji ta fi kwalta taushi ga gwiwa. Itatuwa na tare iska da yayyafi. Babu hayaƙin mota, babu ƙarar da za ta sa ka ɗaga murya, shi ya sa hira ke daɗi, kuma hirar da ake yi kafaɗa da kafaɗa, ido na kan hanya, ta fi sauƙi ga mai kunya ko wanda Turancinsa bai nuna ba. Ga kuma sauyin da ke sa mako bai yi kama da mako ba: a ƙarshen Afrilu wasu dazuzzukan kan rufe da shuɗin fure kamar an shimfiɗa baƙin rini da bai gama kamawa ba, a Oktoba ganye ya koma ja da ruwan goro yana ƙara a ƙarƙashin takalmi. Abu ɗaya ne tattakin hunturu ba zai ba ka ba, wato bitamin D, domin ranar ƙasar ba ta da ƙarfin haka daga Oktoba zuwa Maris. Hukumar lafiyar ƙasar na ba masu duhun fata shawarar shan maikurogiram 10 kullum, duk shekara.

Ladubban dajin kaɗan ne, amma ana kula da su. Ƙofar shinge a bar ta yadda aka same ta, a buɗe ko a rufe, domin manomi ya san dalilinsa. Shara a koma da ita gida, har ɓawon ayaba. Ba a kunna wuta. Shuɗin furen nan doka ta kare shi, ba a tumɓuke shi, takawa ma na kashe shi, don haka a tsaya kan hanya. Naman kaza kada a taɓa: a Epping an haramta tsinkarsa, a ƙasar kuma akwai irin da ke lalata hanta ya kashe mutum alhali kamanninsa na mai ciwuwa ne. Shanu a ba su sarari, musamman saniya mai ɗan maraƙi. Ranar da aka yi gargaɗin iska mai ƙarfi a duba ko an soke tafiyar, saboda tsofaffin itatuwa na yar da manyan rassa. Lambar gaggawa 999 ce.

Idan aka dawo wurin da aka fara, ka gode wa jagora, ka tambaye shi ranar tafiya ta gaba, ka sa ta a waya kafin ka bar wurin. Rukunonin Ramblers na yau da kullum sukan bar baƙo ya gwada sau uku kafin a nemi ya yi rajista ya biya kuɗin shekara, ka yi amfani da ukun, domin rana ɗaya ba ta isa a san mutane ba, idan kuma rukunin bai yi maka ba akwai wani a unguwar gaba. A gida, kafin wanka, ka duba jikinka saboda kaska, musamman daga bazara zuwa kaka: bayan gwiwa, ƙugu, hammata, gefen gashi, ga yara kuma har bayan kunne. Kaskar can ƙanƙanuwa ce, wata ba ta fi ƙwayar riɗi ba, a baƙar fata kuma tana da wuyar gani, sai an shafa da hannu. Idan ka same ta, kada ka ƙona ta ko ka shafa mata mai. Ka kama ta da matsefata mai siririn baki dab da fata, ka ja sama a hankali ba tare da matse cikinta ba, ka wanke wurin da sabulu. Yawancin cizon ba ya jawo komai, amma wasu na ɗauke da cutar Laim. Idan bayan kwanaki ko makonni ka ga wani zagayayyen tabo yana faɗaɗa a wurin, wanda a fatarmu yakan fi kama da ƙurji mai duhu ko tabon bugu fiye da ja, ko ka ji zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, ka je wurin likita ka gaya masa ranar da ka shiga daji da wurin da kaskar ta kama.